Kwalba Biyu

An rushe bayan gidan layinmu. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince shinkafa na ji rugugin motar rusau, kafin in zura takalmi in leƙa har katangar ɓangaren mata ta kwanta. Yara suna ta ihu suna toshe hanci, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. An ce shaguna za a gina a wurin, tunda yanzu gidaje da yawa sun haƙa nasu. Kowa murna yake yi, ni ma na yi, don duk wanda ya taɓa bin layin nan da sassafe da buta a hannu ba zai yi kukan rabuwa da shi ba. Amma da na koma kan shinkafata sai hannuna ya tsaya a cikin faifai. Ginin nan ya daɗe yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma bai taɓa samun bakin kare kansa ba.

A zamanin da nake magana, Zangon Kumasi ba ya neman agogo. Ladan ne ke fara tashe mu, sai ƙarar bokitai a bakin famfo, sai muryar mai koko da ƙosai. Da yamma kuma turmin sakwarar maƙwabtanmu Tonawa, wato Asantawa masu gari, shi ke gaya mana lokacin ɗora tukunyar tuwo ya yi. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kwata ɗaya. Akwai Bahaushe, akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa, akwai wani Bafillace mai dillancin shanu, kuma da Hausa muke faɗa da Hausa muke shiryawa, in Hausar ta ƙare mu jawo Tonanci mu ƙarasa. A irin gidan nan ba abin da ke ɓoyuwa. An san wadda ta sa nama a miya da wadda ta lallaɓa da busasshen kifi, an san ɗakin da aka yi dariya jiya da wanda aka yi shiru. Sai dai akwai abubuwan da kowa ya sani amma ba mai faɗa, kuma wannan shirun shi muke kira tarbiyya. Tsofaffinmu kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu kowa ya sa ƙofar ƙarfe da labule mai kauri, ba ka sanin abin da maƙwabcinka ya ci, amma sirrin gidansa kana iya ganinsa a waya.

Ni kuwa a lokacin jikina ne kawai ke tsakar gidan, hankalina yana Kano, garin da har yau ban taka ba. Maigidana falke ne, goro yake kaiwa Legas da Kano, kuma tun muna zance yake zuwa mini da ƙananan littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwannin can, masu siririyar takarda da zanen budurwa ta yi tagumi a bango. Bokon da na yi bai yi nisa ba, shi ma Turanci aka koya mana, amma na zauna da littattafan nan ina haɗa baƙi har Hausarsu ta buɗe mini. A cikinsu na tsinci kalmomin da ba a jin su a bakin famfo, irin su bege da shauƙi da annuri. Suna zuwa da ƙamshin ganyen da ake naɗe huhun goro, sai in rufe ido in shinshina kafin in buɗe. In ya dawo yakan kishingiɗa ya ce in karanta masa, in na kai inda saurayi ke cewa hasken idona sai ya maimaita yana kallona, ni kuma in rufe fuska da littafin. Dogo ne, mai tsabta, rigarsa kullum da karin guga, ba ya ɗaga murya. Na ɗauka daga cikin littafi aka ciro mini shi. Kuma a littattafan nan ba wanda ke yin wani ciwo sai ciwon so. Budurwa takan rame, takan suma, takan ƙi cin abinci, amma ban taɓa karanta inda ta shiga bayi tana cije leɓe ba.

Ba mu daɗe da aure ba abin ya fara, kuma ga furfura a kaina amma har yanzu rubuta shi yana yi mini nauyi. Wani ruwa ne mai launi da ɗan wari nake gani a ɗan zanen ciki, ga zafi wurin fitsari kamar an barbaɗa barkono, ga wani ciwo da ke zaune can ƙasan mara ba ya tashi. Na rasa wanda zan gaya wa. Mahaifiyata tana Buokrom, ba nisa, amma 'ya ba ta buɗe wa uwarta irin wannan baki. Sai na koma wanke ƙananan kayana a cikin ɗaki, in shanya su a kan ƙusa bayan ƙofa maimakon igiyar tsakar gida. In mata suna hira na zauna nesa da su, don ina jin kamar kowa yana shaƙar abin da nake ɓoyewa. Turare na dinga zubawa har maigidana yana yaba mini son ƙamshi.

Sunan abin sanyi. Haka kowace mace ke kiransa, kuma kalma ce mai laushi, ana iya faɗinta a gaban suruka. Sanyi ai ba laifin kowa ba ne, damina ma tana kawo shi. An ce ana ɗaukarsa in aka zauna a jiƙaƙƙen siminti, ko aka tsallake fitsarin wani, ko aka yi wanka da ruwan sama. Amma babban mai laifi shi ne bayan gidan layi. An ce tururin da ke tasowa daga ramin shi ke shiga jikin mace in ta tsuguna. Ban taɓa tambayar yadda tururi mai zafi ke zama sanyi ba. Duk hanyoyin nan da ake lissafawa, babu ko ɗaya da namiji ke tsaye a kanta, ni kuma hakan ya yi mini daidai.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe, kusa da kwata, kowa Kaka yake ce mata. Ba kakar kowa ba ce a gidan, amma ita ta yanke cibiyar rabin yaran layin. Tana da wata baƙar tukunya da ba ta sauka daga kan kurfoti, wato murhun gawayi, kuma in ka wuce ƙofarta sai ɗacin sassaƙen maɗaci da ƙamshin kanumfari su bi ka har ɗaki. Ita ta lura da amaryar da ba ta shanya a waje. Wata rana da hantsi ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Amarya, zo ki cire mini ƙaya a ƙafa, idona ya mutu."

Ina shiga ta saki labule.

"Ba wata ƙaya. Zauna. Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

"Ke, ni na wanke matan da suka haifi iyayenki. Fari ne kamar kindirmo, yana ƙaiƙayi? Ko rawaya ne?"

"Rawaya, Kaka."

"Mara fa?"

"Tana ciwo."

"Maigidan yaushe ya sauka daga tafiya?"

Nan ne fuskata ta sake. Na gaya mata bai daɗe da dawowa ba, har na ƙara mata da labarin sabon littafin da ya kawo mini da ɗan kwalin da ya sayo a Legas. Ta bar ni na gama, tana tauna goronta a hankali. Abin da ta ce kawai shi ne, "Uhm. Sanyi ne, jikata."

Ta yi mini duk abin da ta iya, kuma ba zan ci amanar hannunta ba. Ta dafa bagaruwa da ganyen dogon yaro ta juye a baho, ta sa ni zama a ciki tun ruwan yana da zafin da zan iya jurewa. Ta ɗora ni a kan wata 'yar kujera mai rami a tsakiya, ta sa kaskon garwashi a ƙasa ta barbaɗa wasu saiwoyi, ta lulluɓe ni da zane har na yi sharkaf da zufa. Ta hana ni sukari da ruwan randa mai sanyi. Sannan ta ɗauko kwalaben lemo guda biyu, ta cika su da ruwan baƙar tukunya, wanda a ciki na gane maɗaci da kimba da citta da tafarnuwa da prekese na Tonawa, sauran kuma ita kaɗai ta san su. Ta toshe bakin kowace da totuwar masara.

"Wannan taki ce, safe da yamma. Wannan ta maigida. Ki ce masa maganin gajiyar hanya ne. Ki tsaya a kansa ya sha."

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe har tsofaffi sun ga irin mijin da Allah ya ba ni, suna tausayin wahalar da yake sha a hanya saboda ni. Na fito da kwalba ɗaya a kowane hannu, na ratsa tsakar gida a daidai lokacin da mata suka fito da kurfotinsu. Akwai wata maƙwabciyata Badagomba mai sayar da shinkafa da wake, Maman 'Yan Biyu muke ce mata, mace mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ita ta fara hango ni.

"Kai, jama'a! Amarya ya ɗauko biyu!"

Na tsaya, na ɗaga su don su gani da kyau.

"Ɗaya ta maigidana ce. Kaka ta ce hanya tana gajiyar da shi. Kun ga yadda take ji da shi?"

Wata ta juya baya tana tari. Matar mai dillancin shanu ta ce, ba tare da ta ɗago daga jajjagenta ba, "Allah sarki. Sanyin nan dai a kunu aka sha shi."

Na ce, "Ni ban cika shan kunu ba, koko nake sha."

Dariyar da aka yi ranar har yau ina jin ta a bayan wuyana. Maman 'Yan Biyu ta zauna a ƙasa tana dukan cinya, hawaye yana zuba. Ni ma na taya su, don na ɗauka irin tsiyar da ake yi wa amare ce.

Da na miƙa wa maigidana kwalbarsa, ya cire totuwar ya shinshina, ya yamutsa fuska ya yi dariya.

"Hasken idona, kashe ni za ki yi? Ni lafiyata lau. Mayar wa tsohuwa kayanta."

Ban mayar ba. Na shanye tawa, na bi da tasa. Har ina jin wani daɗi a raina ina haɗiyar ɗacin, don a littattafaina haka masoyiya take, takan sha ɗaci a madadin masoyinta. Kuma gaskiya na ji sauƙi. Zafin ya kwanta, warin ya ragu, na koma shanya a igiya. Ya tafi fatauci, ya dawo da sabon littafi, abin ya dawo. Na ce damina ce. Ya sake tafiya ya dawo, abin ya sake dawowa, na ce bayan gidan layi ne, na sayi fo na daina zuwa can gaba ɗaya, sai dai in kai in zubar. Bai hana komai ba. Wata ta nuna mini kafso ja da rawaya da wani mai akwati ke yawo da su, Tonawa suna ce musu topaye, na dinga fasa su a cikin koko ina sha in na tuna. Duk lokacin da na koma wurin Kaka, biyu take ba ni, kuma tambayarta ɗaya.

"Tasa kwalbar fa?"

"Ya ce lafiyarsa lau, Kaka. Na shanye masa."

Ta daɗe tana kallona ranar da na fara gaya mata haka.

"Jikata, ba a share rabin ɗaki a ce an yi shara."

Na ce to. Na koma na share ɗakina har ƙarƙashin gado.

Abin da ke raina a lokacin ba ciwon ba ne, haihuwa ce. Na riga na zaɓi sunaye daga littattafai, na mace da na namiji. Waɗanda aka yi mana aure kaka ɗaya sun yi goyo, wasu har sun yaye, ni kuwa wata na bin wata ina wanke ƙyalle. Dangin miji sun fara tambayata ko ina cin abinci sosai, suna kallon cikina. Na sha rubutu, na yi sadakar ƙosai, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Sanyi daban, haihuwa daban, haka na ɗauka.

Sai wata damina zazzaɓi ya kayar da ni, maigidana yana hanya. Marata ta ɗaure kamar an cusa dutse mai zafi, ko miƙewa ba na iya yi. Kaka ta zo ta taɓa cikina, na yi ƙara, sai ta janye hannunta ta ce wa Maman 'Yan Biyu, "Wannan ya wuce tukunyata. Kai ta." Na roƙe su kada a kai ni inda za a gamu da 'yan Zango. Maman 'Yan Biyu ta bar tukunyar sana'arta, ta riƙe ni muka shiga mota har wani ƙaramin asibiti can bayan Oforikrom. Aka duba ni, aka ɗebi abin da za a ɗiba, muka jira. Wadda ta kira ni wata nas ce Batona, dattijuwa mai tabarau, ta rufe ƙofa ta yi mini magana da harshensu, wanda na iya tun ina yarinya.

Ta ce, "Maame, babaso ne."

Na san kalmar. Duk wanda ya tashi a Kumasi ya san ta. Kalma ce da ake zagin 'yan tasha da ita, ciwon da ake ɗaukowa a shimfiɗa, ba ta da laushi ko kaɗan kuma ba ta san damina ba. Na ce mata a'a, ni sanyi nake da shi, na bayan gida. Ta cire tabarau ta dube ni, ba da faɗa ba. Ta ce wannan ba a rami ake samunsa ba, kuma ya daɗe a jikina har ya hau sama, kuma ko ta yi mini allura yau, in ba a yi wa wanda nake kwana da shi ba, aikin banza ne. Sannan ta tambaye ni, "Wo kunu wɔ he?" Wato ina mijinki.

Kunu. A Tonanci kunu shi ne miji. Na san haka tun kafin in iya ɗaura zane, na faɗe shi da bakina sau ba iyaka a kasuwa. Amma ranar da aka ce a kunu na sha sanyi, kaina yana Kano, sai na ji kunun gero. Ina zaune a gaban matar nan sai tsakar gidanmu ta dawo mini gaba ɗaya, da kurfoti da tarin ƙarya da matar da ba ta ɗago daga jajjage ba, da ni a tsakiya na ɗaga hannu biyu. Na so ƙasa ta tsage.

A mota muna dawowa, da muka kusa gida, na tambaye ta.

"Maman 'Yan Biyu, kwalba biyu me take nufi?"

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta kalli taga.

"In Kaka ya ba ka ɗaya, ƙaiƙayi ne kawai, na mata. In ya ba ka biyu, maigida ne ya kawo tsaraba."

"Kowa ya sani?"

"Kowa ya sani. Ni ma na ɗauki biyu, kafin baban yara ya yi hankali. Amma mu a cikin zane muke sawa, amarya. Kai kaɗai ne ka ɗaga sama kamar ka ci kofi."

Ta so in yi dariya, da ta ga hawaye sai ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, tana warin hayaƙi da albasa, tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, bakina ne ba shi da kyau."

Da na ji ƙarfin jikina na shiga wurin Kaka.

"Kaka, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya miki. Kwalba biyu na ba ki."

"Da baki, Kaka."

Ta tura gawayi cikin kurfoti da yatsa.

"Bakin da zai shiga tsakanin mace da mijinta ba a fuskata aka dasa shi ba. Haka aka ba ni, haka na bayar."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ban riƙe ta a zuci ba, don ita ma a cikin shirun aka haife ta. Bagaruwarta ta kwantar mini da zafi, hayaƙinta ya ba ni barci, kuma ta rufa mini asiri da kalma mai laushi. Amma maganin yana kwantar da abin da ke waje ne, na ciki yana ta cin hanyarsa, kuma kalmar da ta rufa mini asiri ita ce ta rufe mini ido.

Saura maigida. Ya dawo, da littafi kamar kullum. Na bar shi ya huta, sai da safe yana zaune a ƙofar ɗaki ya baza goro a kan jiƙaƙƙen buhu yana ware mai kyau da mai sankara. Na durƙusa kusa da shi kamar zan taya shi. Na nemi yadda zan faɗa da Hausa na rasa, don Hausata da shi Hausar littafi ce, babu wurin wannan magana a cikinta. Sai na faɗa da Tonanci, a hankali, ina kallon buhu. Na ce an ce babaso ne, an ce in zo da kai.

Hannunsa bai tsaya ba. Ya ɗauki goro, ya juya shi, ya ajiye. Ya ɗauki wani.

"Wa ya ji?"

"Kowa ya riga ni ji."

Na jira ya rantse, ko ya yi fushi, ko ya faɗi a gabana yana kuka kamar yadda ake yi a babin ƙarshe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tattara goronsa ya rufe da ganye, ya shiga ya sa riga. Muka tafi asibitin, yana gaba ina baya da nisa, kamar ba mu san juna ba. Aka yi masa nasa maganin aka ƙarasa mini nawa. Daga ranar sanyi bai sake dawowa ba, ko da damina, ko da na koma bin layin bayan gida. Littafin da ya kawo a tafiyar nan ban buɗe shi ba, shi ma bai ce in karanta masa ba, kuma bai sake ce mini hasken idona ba. Ina jin kunyar kalmar ce ta kama shi, kamar yadda ta kama ni.

Haihuwa kuwa ba ta zo ba. Daga baya likita ya ce ciwon ya toshe hanya, ya bar tabo a inda ba a gani. Sunayen da na zaɓa na raba wa 'ya'yan wasu. Ban nemi saki ba, shi ma bai sake ni ba, muka zauna har Allah ya karɓi abinsa. Sau ɗaya, ina bayan labule, na ji mahaifiyarsa tana ce masa har yaushe zai zauna da juya. Ya ce, "Mma, ba daga gare ta ba ne. Kada a sake faɗa." Duk kalaman da ya taɓa yi mini aro ne daga littafi, wannan kaɗai ce tasa. Ina jin kunyar faɗin haka, amma har yau in na tuna shi ita nake fara tunawa, kuma zuciyata takan yi irin abin da take yi ina amarya. Ban warke daga wannan ba, kuma na daina neman magani.

Yanzu duniya ta canza baki. Motoci masu lasifika suna yawo a layi suna kiran sunayen cututtukan mata ɗaya bayan ɗaya, da Tonanci da Hausa da Turanci, da rana tsaka, a gaban yara da malamai, suna cewa kwalba ɗaya tana wanke duka. Kaka da za ta tashi ta ji, da ta koma. Na ɗauka tunda an iya faɗin sunan da ƙarfi haka, kunyar ta mutu. Ashe tana nan, ɗaki kawai ta canza.

Akwai 'yar ƙanena da aka ba ni riƙo tun tana rarrafe, ita ce ke ce mini Mma. Ta yi karatu fiye da ni nesa ba kusa ba, an yi mata aure bara da wani yaro mai hankali da ke kai kaya Accra. A makon da aka rushe bayan gidan ta zo mini da yamma, ta zauna a bakin gado tana ta kewaye-kewaye, tana danna waya. Can ta buɗe jaka ta ciro wata kwalba mai takarda kala-kala, irin ta masu lasifika.

"Mma, wannan yana da kyau? Sanyi ke damuna. Ina jin a bayan gidan wurin aikinmu na ɗauka."

Na dubi kwalbar. Na ji bakin Kaka yana neman fitowa daga bakina, in ce uhm, sanyi ne, in kawo mata karin magana in sallame ta. Da ƙyar na haɗiye shi.

"Ajiye wannan. Wataƙila ba komai ba ne, amma ba ni zan faɗa ba, ba mai lasifika ba. Gobe ki je asibiti a duba ki. In sun ce ki zo da shi, ki je da shi, ko da zai yi gaba ki bi shi a baya."

Ta yi dariya, ta rufe fuska da waya, daidai yadda nake rufe tawa da littafi.

"Haba Mma, shi me ya kawo shi ciki? Shi fa lafiyarsa lau."

Ban taɓa gaya mata dalilin da ya sa aka ba ni ita ba. Na kama hannunta na riƙe.

"Nawa ma lafiyarsa lau take," na ce. "Zauna in gaya miki abin da ya sa ba ki da ƙane a ɗakin nan."